Hanyar Zuwa Zuciya: Ƙarfin Hali Ya Buɗe Ta, Gwaji Ya Shata Mata Iyaka

Faɗin jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya da jini bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kusan kaurin bututun tawadar biro. Idan gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya, ɓangaren zuciyar da ya dogara da ita yakan soma mutuwa cikin rabin awa, kuma bayan 'yan awanni ɓarnar takan zama ta har abada. Shekara ɗari da suka wuce, likitan da ya fi kowa ƙwarewa ba shi da abin yi wa mai irin wannan lalura face ya kwantar da shi, ya ba shi maganin rage raɗaɗi, ya jira hukuncin Allah. A yau kuwa, a asibitin da ke da kayan aiki, ana huda fatar wuyan hannu, a zura siririn bututu mai laushi ta cikin jijiya har bakin zuciya, a buɗe wurin da ya toshe, majinyaci yana farke yana amsa tambayoyi.

Wannan bututu shi ake kira kateta. Dangi ne na robar fitsari da kowa ya sani a asibiti, kuma da robar fitsarin ma tarihinsa ya fara. Labarin yadda ya isa zuciya cike yake da mutanen da suka saɓa wa manyansu, suka haɗa kayan aiki da hannuwansu, aka yi musu dariya, daga baya aka karrama su. Irin wannan labari yana da daɗin ji, kuma daɗinsa ne ke sa a manta da rabinsa na biyu. Kowace kateta da aka ƙirƙiro sai da ta fuskanci tambaya guda: wane majinyaci ne take ƙara wa kwana ko take rage wa wahala, wane ne kuma take ɗora wa kasada da kashe kuɗi kawai? Amsar ta fito ne daga gwaje-gwajen da suka ɗauki shekaru, kuma sau da yawa ta saɓa wa abin da ido ya gani a hoto. Duk mai neman magani ga kansa ko ga iyayensa, da duk mai tsara kasafin kuɗin asibiti, rabin nan na biyu ya fi amfanarsa.

Daga gwiwar hannu zuwa zuciya

Masana a Faransa sun daɗe da zura bututu cikin zuciyar dawakai; Claude Bernard ya yi hakan tun 1844. Sai dai an yi imani cewa duk abin da ya taɓa cikin zuciyar ɗan Adam mai rai zai tsayar da ita nan take. A 1929, wani matashin likita ɗan shekara 25 mai suna Werner Forssmann, a wani ƙaramin asibiti a garin Eberswalde kusa da Berlin a Jamus, ya nemi izinin gwadawa, shugabansa ya hana. Forssmann ya shawo kan ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da kayan tiyata, wadda ta amince a yi gwajin a jikinta. Ya ɗaure ta a kan gadon tiyata kamar zai fara, sannan ya juya ya kashe fatar gwiwar hannunsa, ya buɗe jijiya, ya zura katetar mafitsara mai tsawon kusan santimita 65. Da bututun a jikinsa ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin ɗaukar hoton cikin jiki, inda hoton ya nuna kan katetar a ɓangaren dama na zuciyarsa.

Sakamakon da ya samu shi ne kora daga asibitin Charité na Berlin, inda babban likitan tiyata Ferdinand Sauerbruch ya ɗauki abin a matsayin wasan kwaikwayo. Forssmann ya bar fannin zuciya ya koma likitan mafitsara, ya kuma shiga jam'iyyar Nazi a 1932, tabon da tarihi bai goge masa ba. Waɗanda suka mayar da wautarsa ilimi su ne André Cournand da Dickinson Richards a asibitin Bellevue na New York. Daga 1941 suka riƙa auna ƙarfin bugawar jini da yawansa a cikin zuciyar marasa lafiya, cikin tsari da rubuta komai. A 1956 su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel. Tun daga wannan mataki na farko an ga yadda aikin ke tafiya: wani ya buɗe ƙofa da ƙarfin hali, wasu suka biyo baya da awo da lissafi.

Matsala ta gaba ita ce yadda za a shiga jijiya ba tare da an yanka fata an tono ta ba. Sven-Ivar Seldinger, likitan hoto a Stockholm ta ƙasar Suwidin, ya warware ta a 1953 da dabarar da sauƙinta ke ba da mamaki. A soka allura mai rami cikin jijiya, a zura siririyar waya mai laushi ta cikin allurar, a zare allurar a bar wayar, sannan a saka katetar ta bi wayar kamar yadda ake zura tsakiya a zare. Kusan duk aikin kateta da ake yi a duniya yau da wannan jerin yake farawa.

Saura ganin jijiyoyin zuciyar da kansu. An riƙe cewa zuba ruwan da ke fitowa a hoto kai tsaye cikin su zai kashe mutum. A watan Oktoba na 1958, a asibitin Cleveland a Amurka, Mason Sones yana ɗaukar hoton babbar jijiyar da ke fita daga zuciyar wani saurayi, sai kan katetar ya zame ya faɗa cikin jijiyar dama ta zuciya, ruwan ya kwarara ciki. Zuciyar ta tsaya na ɗan lokaci, Sones ya umarci majinyacin ya yi tari da ƙarfi, bugun ya dawo. Daga wannan kuskure Sones ya gane cewa ruwa kaɗan ba ya kisa, ya kuma shafe shekaru yana gyara dabarar. A karon farko likita ya iya nuna inda jijiya ta tsuke da yatsa. Da irin waɗannan hotuna René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina, ya fara tiyatar kewaye wurin toshewa da wata jijiya a wannan asibiti a 1967.

Daga kallo zuwa gyara

Har zuwa nan kateta ido ce kawai. Mutane uku ne suka mayar da ita hannu.

Na farko shi ne Thomas Fogarty, wanda tun yana matashi yake aikin miƙa wa likitoci kayan tiyata a asibitin Good Samaritan na Cincinnati. Ya sha ganin yadda ake fama da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙafa: a tsaga jijiyar da doguwar yanka, a yi awanni ana tono, kuma sau da yawa a ƙare da guntule ƙafar ko rasa majinyacin. Yana ɗalibin likitanci ya yanke kan ɗan yatsan safar hannu ta roba, ya ɗaura shi a bakin katetar mafitsara da irin ƙullin da masu kamun kifi ke ɗaure ƙugiya. Ana zura katetar ta ƙaramar yanka har ta wuce gudan jinin, a hura ɗan balan-balan ɗin a bayansa, a jawo a hankali, gudan ya biyo. An fara amfani da ita a farkon shekarun 1960. Manyan mujallun tiyata sun ƙi buga rahoton kafin wata ta karɓa a 1963, kuma sai 1969 ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa. Har yau da ita ake ceton ƙafafu a ɗakunan tiyata.

Na biyu shi ne Charles Dotter na jami'ar Oregon. Gudan jini abu ne mai laushi da za a iya jawowa, amma kitsen da ya daskare a bangon jijiya shekara da shekaru ba ya jawuwa. Ranar 16 ga Janairu 1964 aka kawo masa wata dattijuwa 'yar shekara 82 wadda yatsun ƙafarta suka fara ruɓewa, ta kuma ƙi amincewa a yanke ƙafar. Dotter ya zura waya ta wurin da jijiyar cinyarta ta tsuke, ya bi ta da kateta siririya, sannan da mai kauri a kanta, ya faɗaɗa hanyar. Jini ya dawo, ciwon ya lafa, matar ta rayu fiye da shekara biyu tana tafiya da ƙafafunta. Likitocin tiyata a Amurka suka yi masa laƙabi da mahaukaci, dabarar ta kusa mutuwa a ƙasarsa. Likitocin Turai, musamman Eberhard Zeitler a Jamus, su suka raya ta.

A wurin Zeitler na ukun, Andreas Grüntzig, ya ga dabarar. Ya lura cewa tura bututu mai kauri yana gurje bangon jijiya, kuma ba zai yiwu a ƙananan jijiyoyin zuciya ba. Abin da ake buƙata shi ne balan-balan mai siffar tsiran alade, wanda zai shiga a tsuke, ya kumbura zuwa wani faɗi da aka ƙayyade, ya tsaya nan komai ƙarfin hurawa. Shi da matarsa da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta suka shafe dare da yawa suna haɗa samfura a kan teburin kicin ɗinsa a Zurich ta ƙasar Suwizalan. Ya gwada a jijiyoyin ƙafa daga 1974, sannan a karnuka, sannan a gawawwaki. Ranar 16 ga Satumba 1977 ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38 yana farke, likitocin tiyata na tsaye a shirye ko da abin zai ɓaci. Mutumin ya rayu shekaru da dama bayan haka, ya ma fi likitansa tsawon kwana, domin Grüntzig ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1985 yana da shekara 46.

Balan-balan kaɗai yana da aibi biyu. Wani lokaci jijiyar takan tsage ta rufe nan take, kuma a wajen kashi ɗaya bisa uku na majinyata takan sake tsukewa cikin watanni shida. Maganin da aka samo shi ne sitent, wata 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu da ake buɗewa a cikin jijiyar ta zauna ta tokare bangon. Jacques Puel a Toulouse da Ulrich Sigwart a Lausanne suka fara saka shi a zuciyar mutum a 1986. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Julio Palmaz da Richard Schatz a 1994, sannan a 2003 ta amince da sitent mai rufin magani, wanda ke hana tsoka sake tsirowa ta cikin ragar. A 2002 kuma Alain Cribier a Rouen ta Faransa ya kai sabuwar ƙofar zuciya ɗungurungum ta cikin kateta, ba tare da an tsaga ƙirji ba.

Inda take ceton rai

Darajar waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire ta fi fitowa fili a ranar da jijiya ta toshe farat ɗaya. A 2003 mujallar Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 23, inda aka raba masu bugun zuciya ta hanyar ƙuri'a: wasu aka buɗe musu jijiya da kateta nan take, wasu aka yi musu allurar narkar da gudan jini. Cikin makonnin farko, kashi 7 cikin ɗari na rukunin kateta suka rasu, kashi 9 na rukunin allura. Maimaituwar bugun zuciya da zubar jini a ƙwaƙwalwa su ma sun yi ƙasa a rukunin kateta. Bambancin maki biyu yana nufin rai 20 cikin kowane mutum dubu. Sharaɗinsa shi ne lokaci: ƙa'idar da aka tsayar ita ce a hura balan-balan cikin minti 90 da isowar majinyaci asibiti, kuma idan isa ga kateta zai wuce awa biyu, a yi masa allurar a inda yake.

Labarin shanyewar ɓarin jiki ya fi wannan koyarwa. A 2013 gwaje-gwaje uku suka kasa nuna cewa ciro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa da kateta yana da wani amfani. Masu bincike suka koma suka duba dalili: kayan aikin tsofaffi ne, an makara, kuma an haɗa da majinyatan da babbar jijiyarsu ba ta ma toshe ba. Aka gyara waɗannan. A 2015 gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan, mai mutum 500, da wasu huɗu da suka biyo shi, suka nuna cewa dabarar tana rage nakasa ƙwarai ga wanda aka zaɓa daidai aka kuma kai a kan lokaci. Gwajin da ya kusa binne dabarar shi ne ya nuna yadda za a yi ta daidai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda hoto ke yaudarar ido

A 1970 Jeremy Swan da William Ganz na asibitin Cedars-Sinai a Los Angeles suka fito da kateta mai ɗan balan-balan a baki, wanda kwararar jini ke turawa kamar yadda iska ke tura jirgin ruwa mai filafilai, ta ratsa ɓangaren dama na zuciya ta shiga jijiyar huhu. Tana ba likita lambobi masu yawa a bakin gado. Cikin 'yan shekaru ta cika ɗakunan kula da masu tsananin ciwo a duniya, ba tare da kowa ya gwada ko lambobin na ƙara wa majinyaci kwana ba. A 1996 wani nazari a kan mutum fiye da 5,700 ya nuna cewa waɗanda aka saka wa ita sun fi mutuwa. Gwaje-gwajen ƙuri'a da suka biyo baya, har da wani babba a Birtaniya a 2005, ba su tabbatar da cewa tana kisa ba, amma ba su ga ta ceci kowa ba idan ana saka ta ga kowa da kowa. An shafe shekara 25 ana huda jijiyoyin wuyan miliyoyin mutane kafin a yi tambayar. A yau ana ajiye ta ga zaɓaɓɓun majinyata.

Abin da ya faru da sitent ya fi wannan girma. Mutum ya zo yana jin nauyi a ƙirji idan ya hau bene, ya huta ya wuce. Aka ɗauki hoto, aka ga jijiya ta tsuke da kashi 80 cikin ɗari. Hankali yana cewa a buɗe ta kafin ta rufe, kuma Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Gwajin COURAGE na 2007 ya raba irin waɗannan majinyata 2,287 gida biyu: wasu magani da gyaran rayuwa kaɗai, wasu magani tare da buɗe jijiya. Bayan kusan shekara huɗu da rabi, kashi 19 na masu sitent sun rasu ko sun sami bugun zuciya, kashi 18.5 na masu magani kaɗai. Gwajin ISCHEMIA, wanda aka buga a 2020 da mutum 5,179 daga ƙasashe 37, ya kai ga irin wannan sakamako ko a cikin waɗanda awo ya nuna ƙarancin jininsu ya yi yawa.

Dalilin yana cikin yanayin cutar. Kitsen ba ya taruwa a wuri guda. Yana shimfiɗe a bangon jijiyoyin gaba ɗaya. Bugun zuciya yakan faru ne idan fatar da ta rufe wani ƙullutun kitse ta fashe, jini ya daskare a kansa, kuma sau da yawa ƙullutun da ke fashewa ba shi ne wanda ya fi tsuke hanya ba. Sitent yana gyara santimita biyu ko uku. Maganin rage kitse, da asfirin, da daidaita hawan jini da sukari, da barin taba, su ke aiki a kan jijiyoyin duka.

Saura batun ciwon ƙirjin kansa. A 2017 masu bincike a Landan, ƙarƙashin jagorancin Rasha Al-Lamee, suka yi gwajin ORBITA. Majinyata 200, dukkansu suna shan cikakken maganin ciwon ƙirji, aka kai su ɗakin kateta, aka ba su maganin barci da abin toshe kunne. Rabi aka saka musu sitent, rabi aka zare katetar ba a yi komai ba, kuma babu wanda ya san rukuninsa. Bayan mako shida, ƙarin lokacin da masu sitent suka iya yi a kan na'urar motsa jiki bai kai daƙiƙa 17 sama da na sauran ba, bambancin da lissafi bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Waɗannan masu binciken suka sake gwaji a 2023 da mutum 301 waɗanda aka dakatar musu da maganin ciwon ƙirji, sai sitent ya rage ciwon a fili. Idan aka haɗa biyun, ma'anar ita ce sitent magani ne na gaske ga ciwon ƙirji, kamar yadda ƙwayoyi suke, kuma majinyaci yana da damar zaɓa. Abin da babu hujjar yi masa alkawari shi ne ƙarin kwana.

Abin da masu saɓani za su ce

Akwai mai cewa da Forssmann ya jira izini, da Dotter ya jira gwajin ƙuri'a, da babu ɗaya daga cikin wannan ci gaba. Gaskiya ne, amma a duba a kan wa suka ɗauki kasadar. Forssmann jikinsa ya huda. Majinyaciyar Dotter ta riga ta ƙi zaɓin da ya rage mata. Grüntzig kuwa shi ne ya fi kowa tsoron abin da ya ƙirƙira: ya taƙaita aikin ga masu jijiya ɗaya da ta tsuke a wuri mai sauƙin isa, ya riƙa rubuta sakamakon kowane majinyaci har da waɗanda abin ya ɓaci, ya kuma tara likitoci a Zurich suna kallonsa yana aiki kai tsaye domin su ga kurakuransa. Ƙarfin halin mai gwada abu a karo na farko ga wanda ba shi da mafita daban yake da al'adar yin abu sau miliyan ga masu mafita saboda an saba.

Akwai kuma mai cewa gwaje-gwajen ba su shafi kowa ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe shi. ISCHEMIA ya ware waɗanda uwar jijiyar hagu ta tsuke musu, da waɗanda zuciyarsu ta yi rauni sosai, da waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani. Irin waɗannan suna buƙatar a buɗe musu hanya, wasunsu ma tiyata ce ta fi dacewa da su. Wanda ciwon ƙirjinsa sabo ne, ko yana ƙaruwa, ko yana zuwa yana zaune, ba ya cikin wannan magana ko kaɗan: asibiti zai nufa nan take.

Abu na uku ba a cika faɗarsa a fili ba. Ɗakin kateta jari ne mai tsada, kuma a asibitin da ake biyan kuɗi a kan kowane aiki, sitent ya fi takardar magani kawo riba. Ba sai likita ya zama maƙaryaci ba kafin wannan ya karkatar da hukuncinsa. A watan Fabrairu na 2017 gwamnatin Indiya ta ƙayyade farashin sitent, ta zaftare shi da kusan kashi 85 cikin ɗari, bayan ta gano irin ribar da ake ɗorawa tsakanin masana'anta da gadon majinyaci.

Inda zancen ya taɓa ƙasar Hausa

Iyalai da yawa daga Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram sukan tara kuɗi su kai dattijo Indiya, Masar ko Dubai a duba masa zuciya. A can ake nuna musu hoton jijiya a allo, a ce a yanke shawara kafin a tashi daga gadon. Wanda ya san tarihin nan zai iya tambaya cikin ladabi: wannan aiki don ceton rai ne ko don rage ciwo? An gwada cikakken magani tukuna? An auna ko tsukewar tana hana jini wucewa da gaske, ko da ido aka ƙiyasta? Akwai kuma tambayar da ta fi shafar mai komawa gida. Sitent baƙon ƙarfe ne a cikin jijiya, kuma sai an sha magungunan hana daskarewar jini iri biyu na tsawon watanni ba fashi. Wanda ya daina su da wuri, saboda sun ƙare ko kuɗi ya yanke ko ya sayi jabu, yana iya samun toshewar da ta fi ta farko muni.

Ga masu tsara harkar lafiya, jerin abin da ya kamata a fara da shi a bayyane yake. Gwajin ISIS-2 na 1988, mai mutum fiye da 17,000, ya nuna cewa asfirin kaɗai yana rage mutuwar masu bugun zuciya da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, allurar sitireptokainas ma haka, kuma haɗa su ya rage ta da kusan kashi 40 cikin ɗari. Waɗannan ba sa buƙatar ɗakin kateta. Suna buƙatar na'urar zanen bugun zuciya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da ya iya karanta ta, da jama'ar da suka san cewa nauyin ƙirji mai haɗe da zufa ba gyambon ciki ba ne. Ɗakin katetar da majinyaci ke isa bayan kwana biyu ya rasa babban amfaninsa. Bugu da ƙari, abin da ya fi cika gadajen masu ciwon zuciya a asibitocin Nijeriya shi ne hawan jinin da aka bari ba kulawa, wanda babu katetar da ke warkar da shi.

Akwai kateta guda da ta dace da wannan yanki ƙwarai, kuma ba ita ake tallatawa ba. Ciwon maƙogwaron da wata ƙwayar cuta ke haddasa wa yara, idan ba a ba da fenisilin ba, yana iya sa garkuwar jiki ta afka wa ƙofofin zuciya. Bayan shekaru ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu takan manne ta tsuke. Cutar ta kusa ɓacewa a Turai da Amurka, amma tana nan daram a Afirka kudu da Sahara, kuma ta fi bayyana ga matasan mata a lokacin juna biyu. A 1982 likitan tiyata ɗan Japan, Kanji Inoue, ya fara amfani da balan-balan mai siffar gyaɗa, wanda ake shigar da shi ta jijiyar cinya, a kafa ƙugunsa a daidai ƙofar, a hura ya raba inda ta manne. Ga wadda ƙofarta ba ta riga ta sandare ba, gwaje-gwaje sun nuna sakamakonsa yana kafaɗa da kafaɗa da na tiyata, ana iya yi wa mai ciki, kuma ba a barin wani ƙarfe a jiki. Asibitin koyarwa da zai kashe maƙudan kuɗi ya kafa ɗakin kateta a arewacin Nijeriya ko kudancin Nijar, ya kamata a auna nasararsa da yawan irin waɗannan mata da ya yi wa aiki, da yawan masu bugun zuciya da ya buɗe wa jijiya cikin awa biyu. Adadin sitent da ya saka a shekara ba zai nuna ko ɗaya daga cikin biyun ba.